Yini Guda a Funtuwa, Muna Bin Sawun Auduga

(Kiɗan buɗe shiri)

 

Yau yawo za mu fita, kuma ba nisa za mu yi ba.

Idan baƙo ya sauka a birnin Katsina, mai masaukinsa ba ya rasa inda zai kai shi. Ga Hasumiyar Gobarau, ga ƙofofin gari, ga ƙofar gidan Sarki. A Daura ga rijiyar Kusugu. A Kano a hau Dala, a leƙa marinar Ƙofar Mata, a ratsa Kasuwar Kurmi. To baƙon Funtuwa fa? A cika shi da tuwo, a zaga da shi gaisuwar dangi, washegari a raka shi tasha. In ya tambaya ko akwai wurin gani, sai a ce masa ai nan garin neman kuɗi ne, ba garin tarihi ba. Da wannan maganar nake so mu yi gardama yau.

Bari in fara ɗaukar ku zuwa Amurka, amma ba za mu daɗe ba. A jihar Masacuset akwai wani gari da ake kira Lowel. A shekarun 1820 aka kafa shi a bakin kogin Merimak, kuma saƙa ce dalilin kafa shi. Aka haƙa magudanan ruwa suka ratsa garin, ƙarfin ruwan yana juya injuna. 'Yan mata daga ƙauyuka suka yi ta kwarara suna aiki a masaƙu, auduga kuwa daga kudancin ƙasar take zuwa, inda bayi baƙar fata ke noma ta. Bayan shekara ɗari sai masu kamfanonin suka fara kwashe kayansu suna komawa kudu, inda ladan ma'aikaci ya fi araha. Kafin ƙarshen shekarun 1950 manyan masaƙun garin sun rufe, aka bar dogayen gine-ginen jan bulo da fasassun tagogi. A 1978 majalisar dokokin Amurka ta mayar da tsakiyar garin wurin tarihi na ƙasa. Yau mutum yana iya ƙare yini guda cur a Lowel: ya shiga kwalekwale ya bi magudanan nan, ya ga ɗakunan da 'yan matan suka kwana, ya shiga wani ɗakin saƙa mai injuna fiye da 80, a miƙa masa abin toshe kunne sannan a tayar da wasu daga cikinsu, don ya ji irin ƙarar da mutane suka yi rayuwa a cikinta. Wasu gine-ginen an mayar da su gidajen haya, wasu ofisoshi.

Haka birnin Ditiroyit, garin ƙera motoci. A 1950 mutanensa sun kai miliyan 1.8, a 2020 ba su wuce dubu 640 ba. A 2013 hukumar birnin ta je kotu ta ce ta tsiyace, ba ta iya biyan bashi. Babbar tashar jirgin ƙasansu ta rufe tun 1988, ta zama kango, har kamfanin Ford ya saye ta a 2018, ya gyara, aka sake buɗe ta a 2024, mutane suka yi layi don su shiga su gani.

Sai dai ku lura da abu ɗaya. Injunan Lowel don 'yan kallo suke saƙa. Auduga ba ta fitowa a ƙasarsu, kuma ba wanda ke sa ran masaƙar za ta dawo ta ciyar da gari. Mu kuwa gonar tana nan, manomin yana nan, injin gurza yana nan. Saboda haka yawonmu na yau ba zuwa ta'aziyya ba ne. Dubiya za mu je, mu ga inda ciwon yake.

(Gajeren kiɗa)

Lokacin da ya fi dacewa da wannan yawo shi ne daga Disamba zuwa Fabrairu, sa'ad da aka tsinci auduga kuma gidajen gurza suka kama aiki. A fito da sassafe, bayan an sha koko da ƙosai, a sa rigar sanyi don hunturun Funtuwa ba ya wasa. A nemi ɗaya daga cikin duwatsun da ke gefen gari a hau, tare da ɗan unguwa da ya san hanya.

Daga can sama za ka fahimci dalilin da ya sa gari ya tsaya a nan. Hanyoyi huɗu ne suka haɗu: ta Zariya, ta Gusau da Sakkwato, ta Bakori da Malumfashi zuwa Katsina da Kano, sai wadda ta nufi Birnin Gwari. Ga layin dogo ya ratsa. Ka kuma dubi ƙasar kanta. Ba jigawar arewacin Katsina ba ce mai yashi. Ƙasa ce mai nauyi da ke riƙe ruwa, abin da ya sa tun da can ake ce wa wannan yanki Katsinan Laka. Ruwan sama ya fi yawa a nan, kuma a kusa da nan ne kogin Sakkwato ya faro, wanda ke bi ta Gusau ya tafi har ya haɗu da Rima. Auduga tana son irin wannan ƙasa.

Kada kowa ya ce muku Bature ne ya kawo mana auduga. Hakimin Funtuwa Sarkin Maska ake ce masa, kuma Maska tsohon gari ne da ke nan kusa, wanda ya girmi Funtuwa nesa ba kusa ba. Marigayi Dokta Yusufu Bala Usman, a littafinsa na tarihin Katsina daga 1400 zuwa 1883, ya kawo Maska da Gozaki cikin manyan garuruwan wannan kudanci tun kafin jihadi. A wancan zamani kusan kowane gida masana'anta ne. Mace ta gurje auduga da magurji a kan dutse, ta shiɓe ta, ta kaɗa zare da mazari, ta kai kasuwa. Masaƙi ya saƙa sawaye, marini ya tsoma a baba, mabugi ya buga, maɗinki ya haɗa riga, fatake su ɗauka su yi arewa da ita ko su yi Gwanja. Daga gona har wuyan mai sawa, kuɗin a hannun mutanen ƙasa yake zagayawa. Ku riƙe wannan a zuciya, don duk abin da za mu gani yau a kansa za mu auna shi.

Mu sauko mu nufi tashar jirgin ƙasa.

Abin da Bature ya kawo shi ne hanyar fitar da audugar. Masaƙun Lankasha a Ingila da audugar Amurka suka dogara, kuma sun ɗanɗana kuɗarsu lokacin yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865, da audugar ta yanke ma'aikata suka shiga yunwa. Don kada a maimaita, a 1902 aka kafa wata ƙungiya a birnin Mancesta mai neman a noma auduga a ƙasashen da Ingila ke mulka. Ita ce BCGA, wadda har yau akwai unguwa a Funtuwa da ke amsa sunanta. Babban burinsu a kan ƙasar Hausa yake. Dogo ya isa Kano a 1911, suna jiran auduga ta cika taragu, sai manoman Kano suka yi lissafinsu suka ga gyaɗa ta fi riba. Ko audugar da aka noma ma, masaƙan gida sukan saye ta da tsadar da ta fi ta Bature. Inda auduga ta zauna da gindinta shi ne nan, daga Zariya zuwa Funtuwa da Malumfashi har Gusau. Aka kawo wani iri daga Amurka mai dogon gashi da ake kira Alan, wajen 1912, aka yi ta gyara shi a gonar bincike ta Samaru. Sannan aka ja reshen dogo daga Zariya, ya bi ta Funtuwa da Gusau, ya isa Ƙauran Namoda a 1929.

Ka tsaya a dandalin tashar ka dubi faɗin filin da wuraren ajiye kaya. Ba don fasinja aka yi su haka ba. Dilolin auduga da buhunan gyaɗa ake lodawa a nan su tafi Legas, jirgin ruwa ya kai su Libaful. Dogon nan shi ya jawo Yarbawa da Ibo da Nufawa da mutanen kudancin Zariya suka zo suka zauna, shi ya jawo kantunan Turawa da na Kwara, shi ya sa Funtuwa ta tashi daga ƙaramin wuri ta zama gari na biyu a girma a jihar Katsina. Garin da ya tara kuɗi da baƙi kuwa yana tara mawaƙa, ba mamaki Alhaji Mamman Shata, haifaffen Musawa, ya kafa gida a nan. Yau jirgi ya daɗe da daina zama abin dogaro a wannan layi, tireloli sun gaje aikinsa, hanyoyinmu kuma suna biyan kuɗin. Duk da haka tashar ta cancanci a tsaya a gan ta, kuma ta cancanci a hana ta rushewa.

Daga nan sai gidan gurza, kuma a nan nake so mu daɗe.

Funtuwa tana da gidajen gurza fiye da ɗaya, tsoho da sababbi, ciki har da na kamfanin WACOT. Ba a faɗa musu kai tsaye, sai an nemi izini, kuma in an shiga a rufe hanci da baki, a bar sigari da ashana a waje, don auduga da wuta ba sa ga maciji. Abin da za ka gani yana da ban sha'awa. Mota ta sauke auduga yadda aka tsinko ta daga gona. Wani bututu ya zuƙe ta da iska ya kai ta ciki. A kaɗe mata ƙasa da ganye, sannan ta faɗa kan jerin zartuna masu juyawa, haƙoransu na fizgar gashin ta cikin 'yan tsagogin da ƙwayar ba ta iya wucewa. Gashi ya yi gefe guda fari fat, angurya ta zube gefe guda. A danne gashin da injin matsi, a ɗaure shi dila-dila. Aikin da kakarmu za ta yi wata tana yi da magurji, injin nan kafin ka gama gaisawa da mai gadi ya gama shi.

Ga lissafin da ya kamata kowane yaro ɗan yankin nan ya sani. In aka gurje buhu uku, abin da ya fi buhu ɗaya da kaɗan ne gashi, sauran kusan duk angurya ce. Ita ma ba yasarwa ake yi ba. A matse ta a sami man girki, tunkuzarta ta zama abincin shanu, shi ya sa aka kafa kamfanin matse angurya a garin nan. Wani kaso kuma shi ne irin baɗi. Wannan kason na ƙarshe shi ne ran sana'ar gaba ɗaya.

Ku tambayi duk dattijon da ya yi noman auduga kafin 1986 yadda abin yake. Zai gaya muku iri daga hannun hukuma yake fitowa. A Samaru ake fitar da shi, a gonar Daudawa da ke ƙasar Faskari ake ruɓanya shi, daga nan ya bazu gunduma-gunduma, kowa a yanki guda iri ɗaya yake shukawa. Zai gaya muku akwai ranar buɗe fuloti, wato wurin sayen auduga, akwai malamin da ke duba auduga ya ce wannan lamba ɗaya ce, wannan lamba biyu, kuma kowace da kuɗinta da aka sanar tun kafin kaka. Zai gaya muku bayan tsinka dole a tuge itacen audugar a ƙone, don kada tsutsa ta sami wurin kwana har damina, wanda ya ƙi kuwa ya gamu da dogarai.

Ba ina cewa zamanin aljanna ba ne. Hukumar sayen amfanin gona tana biyan manomi ƙasa da abin da take samu a kasuwar duniya, rarar kuma ta tafi wasu ayyuka. Akwai malaman fuloti da suka ci amanar sikeli. Manomi ya sha cuta a wancan tsari. Amma da aka rushe irin waɗannan hukumomi a 1986, zamanin gyaran tattalin arziki na gwamnatin Janar Babangida, ba a ajiye kowa a gurbin mai kula da iri da mai tantance lamba ba. Kowa ya zama mai saye. Iri ya cakuɗe, na wannan gidan gurza ya haɗu da na wancan, tsiro ya ragu. Tun da ba lamba, mai tsabtace audugarsa da mai yayyafa mata ruwa ko ya zuba mata yashi don ta yi nauyi kuɗi ɗaya suke karɓa, to wa zai wahalar da kansa? Sannan ga buhun leda. Zarensa guda in ya shiga cikin gashi, injin gurza ba ya raba su, injin kaɗi ba ya raba su, sai an saƙa an kai rini ya fito fili, don leda ba ta shan launi. Yadi guda ya lalace saboda zare ɗaya. Wannan yana cikin dalilan da suka karya darajar audugar Nijeriya a idon masu saye na waje. 'Yan uwa manoma, buhun yadi ko zanen atamfa tsoho ya fi muku wajen tsinka, ko da ya fi wahalar samu.

(Gajeren kiɗa)

In rana ta fara ɗagawa, sai a nufi masaƙa. Kowane mai a-daidaita-sahu ya san ƙofarta.

Tarihin masaƙun zamani a Arewa daga Kaduna ya faro. A 1957 aka buɗe masaƙar KTL a Kakuri, haɗin gwiwar gwamnatin Jihar Arewa ta su Sardauna da wani kamfanin Ingila. Tunanin mai sauƙi ne: maimakon mu sayar da gashi mu sayo yadi, mu saƙa abinmu. A 1964 wani attajiri ɗan Sin daga Honkon, Ca Ci Min, ya kafa UNTL, wadda ta zama uwar masaƙu da dama, ciki har da ta Gusau da ta Funtuwa, wadda ta zo a ƙarshen shekarun 1970. A ganiyar abin, ana lissafa masaƙu a matsayin waɗanda suka fi kowa ɗaukar ma'aikata a ƙasar nan in ka cire gwamnati. Wanda ya ga lokacin tashin ma'aikata a ƙofar masaƙa, kekuna kamar ba za su ƙare ba, masu abinci da masu shayi da masu faci duk suna ci daga albashin nan, ya san abin da ake nufi da garin masana'antu.

Abubuwan da suka kwantar da su sanannu ne. Naira ta faɗi, kayan gyaran inji suka yi tsada. Wutar lantarki ta zama sai an gani, baƙin man da ake hura tukunyar masaƙa da shi ya yi wuya. A 1997 aka ɗage haramcin shigo da yadi. A farkon 2005 yarjejeniyar da ke taƙaita cinikin tufafi a duniya ta ƙare, kayan Sin suka malalo ko'ina. Ko lokacin da aka maido da haramcin, atamfa ta ci gaba da shigowa ta Kwatano da Maraɗi, wani lokaci da tambarin masaƙunmu a jikinta, ta sauka a Kantin Kwari da arahar da ba mai iya karawa da ita. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta Kaduna ta tsaya a 2007. Masaƙar Funtuwa tana cikin 'yan ƙalilan da suka ci gaba da numfashi bayan Kakuri ta yi tsit, kuma ina ganin kusancinta da gona da gidan gurza yana cikin abin da ya taimake ta.

In an sami izinin shiga, a bi audugar daki-daki: inda ake kwance dila, inda ake shiɓa, inda igiyar gashi ke sirancewa har ta zama zare, inda ake jera zaren tsaye, inda na kwance ke ratsa shi. Duk matakan da kakanninmu ke bi ne, ba a ƙara ko ɗaya ba, sauri kawai aka ƙara. In ba a sami izini ba, kada a ce an yi asarar tafiya. A nemi tsohon ma'aikaci, suna nan da yawa a gari, wasu suna acaba, wasu sun koma gona. A saya masa shayi a bar shi ya yi magana. Mutanen Lowel sun naɗi muryoyin tsofaffin ma'aikatansu sun adana. Namu suna tafiya ɗaya bayan ɗaya da iliminsu a ka, kuma kowane ɗalibi yanzu yana da abin naɗar murya a aljihunsa.

Azahar ta yi. A yi salla, a shiga kasuwa a ci abinci. A nan ma akwai abin lura: masara da waken suya sun fi auduga cika ido. Wannan ma yana da tarihi. A tsakiyar shekarun 1970 Bankin Duniya da gwamnati suka zaɓi wurare uku don gwajin babban shirin raya noma, Funtuwa da Gusau da Gwambe. Shirin ya kawo takin zamani da hanyoyin karkara da sabon irin masara, masarar da a da ake gasawa a bayan gida ta zama amfanin gona na sayarwa. Kasuwannin hatsi irin na Ɗandume da Bakori suka ƙara bunƙasa. Manomin da ya bar auduga ba butulci ya yi ba. Auduga tana cin wata biyar zuwa shida a gona, tana son feshi a kai a kai, tana son hannu da yawa wajen tsinka, kuma in farashi ya faɗi ba a tuƙa tuwo da ita. Masara kuwa ko ba ta yi kuɗi ba ta kwana a rumbu. Duk mai son auduga ta dawo, da wannan lissafin zai yi kokawa, ba da wa'azi ba.

An yi yunƙuri. A 2018 aka amince da irin audugar da aka sarrafa don ta jure wa tsutsa, wadda cibiyar Samaru ta gwada tare da wani kamfanin Indiya. A 2019 Babban Banki ya hana masu shigo da yadi kuɗin waje daga hannunsa, ya kuma zo Katsina ya ƙaddamar da rabon iri ga manoma a kan bashi. An ga auduga ta ƙaru a gonaki na ɗan lokaci. Amma shirin da ya dogara da bashin gwamnati, ranar da bashin ya tsaya shi ma tsayawa yake yi.

Yanzu mu je ga sabon abu, wanda ya sa ake cewa Funtuwa na farfaɗowa: tashar sauke kaya ta kan tudu. Tun 2006 gwamnatin tarayya ta ware wurare shida da za a yi irin wannan tasha, Funtuwa na ciki. Aka yi ta jira. Ta Dala a Kano ta buɗe a farkon 2023, a shekarar ce kuma aka ba ta Funtuwa matsayin tashar da kaya ke iya tashi daga gare ta ko su sauka kai tsaye. A watan Mayu na 2024 aka ƙaddamar da ita. Ma'anar abin ita ce ɗan kasuwa ya cika kwantena a nan, jami'an kwastan su duba su rufe a nan, ya gama takardunsa a nan, ba sai ya je ya kwana a tashar jirgin ruwa ta Apapa a Legas ba. Ga mai fitar da riɗi ko citta ko zoɓo ko waken suya ko gashin auduga, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne, kuma Zamfara da Sakkwato da Kabi da Jamhuriyar Nijar duk suna bayanta.

Amma zan faɗi ra'ayina, wanda ya ƙi ya ƙi. Tashar nan kamar ƙofar zaure ce, ba ta zaɓen mai shiga da mai fita. Kwantenar da za ta fita da dilar auduga ita ce za ta dawo da atamfar waje, kuma yanzu har ƙofar gida za ta kawo ta. In gashi kawai za mu riƙa fitarwa, to mun koma 1929, mun dai canza tarago da kwantena. Sannan tashar tudu da ba jirgin ƙasa mai zuwa a kan kari, rabin aikinta take yi, don kayan dai a bayan tirela za su bi hanyar nan da muka sani. Saboda haka in kun je, bayan kun gama ɗaukar hoto a bakin ƙofa, ku yi tambaya biyu: kwantena nawa ta fita a watan da ya wuce, kuma mene ne a cikinta?

La'asar sai a kama hanyar Malumfashi, tafiyar da ba ta kai awa guda ba. A Bakori a tsaya a sayi rake ko mazarƙwaila, don yankin nan har zuwa Ɗanja ƙasar rake da tumatir ce. A hanya a riƙa duban gonaki ana ƙirga na auduga, a gwada da abin da dattijon cikin mota zai ce yana gani a da. Malumfashi mazaunin Galadiman Katsina ce, ita ma tana da tsohon gidan gurzarta tun zamanin Turawa, da madatsar ruwa inda masu noman rani ke aiki. Ita dogo bai bi ta kanta ba, a mota ake kai dilolinta tasha, kuma in ka gwada girman garuruwan biyu yau za ka ga abin da layin ƙarfe guda ke yi wa gari.

Wani zai ce ban ambaci Daudawa da madatsar Mairuwa a cikin zangon ba. Da gangan ne. Dukkanmu mun san halin da Faskari da Sabuwa da Ɗandume da Ƙanƙara suka shiga a shekarun nan, ba mu manta da ɗaliban Ƙanƙara da aka kwashe a Disambar 2020 ba. Kada kowa ya ɗauki yara ya nufi wani wuri sai ya tambayi mutanen wurin da jami'an tsaro a ranar, kuma a dawo gida kafin magariba. Wannan matsalar ma tana cikin labarin audugar, domin gonakin da suka fi ba da ita da yawa suna can ne inda manomi ke shiga da fargaba, ko ya daina shiga.

Malaman makaranta, musamman na sakandare da na Islamiyya, wannan yawo bai fi ƙarfinku ba. Mota ɗaya ce da kuɗin mai. Ku rubuta wa manajan gidan gurza da na masaƙa da shugaban tasha takarda tun mako biyu kafin ranar, ku kai gaisuwa fadar Sarkin Maska ku sanar. Ku raba yaran: wasu su zana taswirar hanyar, wasu su naɗi hira da dattawa da izininsu, wasu su rubuta farashin kilo na auduga a hannun manomi da farashin yadi a kanti, su lissafa wa ya ci tsakani. Ku nemi wata tsohuwa da har yanzu ke da mazari ta nuna musu kaɗi, a biya ta ladanta.

Lokaci ya ƙwace mana. Mako mai zuwa in Allah Ya kai mu za mu zauna da masu noman rani, mu ji yadda ake fama da tumatir idan ya yi yawa kwando ya faɗi.  

(Kiɗan rufe shiri)